Tambaya da Amsa: Babur Ɗan Kwalta ko Ɗan Dogon Zango, Wanne Zan Saya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina neman shawara a kan wani al'amari da ya ɗaure mini kai. Ni ma'aikaci ne a Kaduna, shekaruna 42, kuma na shafe kusan shekara 15 ina hawan ƙananan babura, daga Jincheng har zuwa Boxer. Yanzu Allah Ya hore mini ɗan abin da zan sayi babban babur ɗan Kwatano, kuma na tarar da guda biyu a wurin wani dillali: Yamaha MT-07 da Yamaha Ténéré 700. Dillalin ya ce mini injinsu ɗaya ne, bambancin a jiki ne kawai. Abokaina kuwa cewa suke yi in ƙara haƙuri in tara kuɗi in sayi BMW GS, wai shi ne sarkin hanya. Kullum ina yin kilomita 12 daga gida zuwa ofis cikin cunkoso, sannan sau biyu a wata ina zuwa ƙauyenmu da ke gaba da Saminaka, tafiyar kimanin kilomita 150 a kwalta mai ramuka, sai kilomita 18 na burji wanda yake komawa caɓi da damina. Wani lokaci da maiɗakina nake tafiya. Tsawona santimita 167 ne. Ina kuma da burin wata rana in hau tsaunin Mambila a kan babur. Wanne ya fi dacewa da ni? Daga wani mai karatu a Kaduna.

AMSA: Wa alaikumus salam Malam, Allah Ya sanya albarka a cikin abin da Ya hore. Dillalinka bai yi maka ƙarya ba. Injin da ke cikin MT-07 shi ne a cikin Ténéré 700: silinda biyu, cc 689, ƙarfin doki 70 da 'yan kai. Sai dai inda ya ce bambancin a jiki ne kawai, ai nan ne maganar take baki ɗaya, domin inji ba ya taɓa ƙasa. Taya da shokozoba da tsawon sirdi su ne suke haɗuwa da hanya, su ne kuma za su yanke maka hukunci a kan ko za ka ji daɗin kuɗinka ko za ka yi da-na-sani.

MT-07 na cikin ajin da masu ƙera babura ke kira rodista, wato babur ɗan kwalta wanda ba a lulluɓe shi da riga ba, inji a fili, babu gilashin tare iska, mahayi yana zaune ya ɗan duƙa gaba kaɗan. Ténéré kuwa ɗan dogon zango ne, irin wanda aka ƙera domin ya bi kwalta in akwai ta, ya kuma ci gaba da tafiya bayan ta ƙare. Shi wannan aji na biyu yana da tarihi da yankinmu. Tseren Faris zuwa Dakar, wanda aka fara a ƙarshen 1978, ya daɗe yana ratsawa ta Agadas da hamadar Tenere a Jamhuriyar Nijar, kuma daga sunan wannan hamada Yamaha ta raɗa wa babur ɗinta suna tun 1983. BMW ta fitar da R 80 G/S a 1980, ta ci tseren da shi a 1981 a hannun Hubert Auriol, Honda kuma ta biyo da Africa Twin a 1988. Na kawo wannan ne don ka san cewa asalin siffar babur ɗin, dogayen ƙafafu da siririyar babbar tayar gaba, rairayin Sahara aka yi wa ita, ba cunkoson Kawo ko na Kasuwar Barci ba.

Mu fara da taya, domin ita ce ta fi kowane abu tasiri a irin hanyoyinmu. Tayoyin MT-07 inci 17 ne gaba da baya, masu faɗi, a kan rim na zubi. A kan lafiyayyar kwalta babu abin da ya kai su daɗi: babur yana shiga kwana da ɗan taɓi kaɗan, birki yana kamawa sosai, ga sauƙin kutsawa tsakanin motoci. Ténéré kuwa inci 21 ne a gaba, 18 a baya, a kan rim mai wayoyi irin na keke. Hikimar babbar taya ita ce, idan ta ci karo da bakin rami tana hawansa ne a karkace maimakon ta doke shi kai tsaye, kamar yadda amalanken shanu ke tsallake kwalbatin da zai tsayar da baro cak. Ƙara da cewa shokozobar gaban Ténéré tana iya nutsewa milimita 210, ta MT-07 kuwa 130 ce, sannan tazarar cikin babur da ƙasa milimita 240 ce a ɗan dogon zangon, 140 a ɗan kwaltar. Wannan bambanci na santimita 10 shi ne tsakanin wucewa lafiya da kartar cikin inji a kan irin tudun rage gudu da mutanen gari ke ginawa da kansu a bakin kasuwa, wanda babu wanda ya auna tsayinsa.

Na taɓa gani da idona a kan hanyar Zariya, wani abokin tafiya a kan ɗan kwalta ya faɗa rami da gudun da bai wuce 90 ba, ramin kuwa inuwar tirela ce ta ɓoye shi. Bai faɗi ba, Allah Ya kiyaye, amma da muka tsaya sai muka ga leɓen rim ɗin gaba ya lotsa kamar bakin tsohuwar tasa, iska tana fita da ɗan fito. Tayar ba ta da tiyub, don haka da rim ya lotsa magana ta ƙare. A bayan a-kori-kura babur ɗin ya ƙarasa gari, aka kuma shafe makonni ana jiran rim daga Legas. Rim mai wayoyi yakan shanye irin wannan duka, in ma ya karkace akwai masu gyaran da za su ɗaure wayoyin su daidaita shi.

Da a nan maganar ta tsaya, da sai in ce ka je ka biya kuɗin Ténéré kawai. Amma ka ambaci tsawonka, kuma na yaba da ka yi hakan, saboda yawancin masu tambaya sukan manta da shi. Sirdin Ténéré 700 yana da tsayin kusan milimita 875 daga ƙasa, na MT-07 kuwa 805. Mutum mai santimita 167 idan ya hau Ténéré, abin da zai kai ƙasa shi ne kan yatsun ƙafa ɗaya, shi ma sai ya zame ɗuwawunsa gefe. A buɗaɗɗiyar hanya wannan ba matsala ba ce, tunda ba a sauke ƙafa. Matsalar tana cikin kilomita 12 ɗin nan naka na kullum, inda za ka tsaya sau talatin ko arba'in kafin ka isa ofis, wani lokaci a kan gangara, wani lokaci ƙafarka ta sauka cikin rami ko kan yashi, ga Keke Napep yana goga maka gwiwa. Boxer ɗin da ka saba da shi kilo 110 ne ko kusa da haka, in ya karkata da ƙafa ɗaya kake mayar da shi. Ténéré da mai a tanki ya haura kilo 200, kuma nauyin nasa a sama yake. MT-07 kilo 184 ne, nauyinsa kuma ya fi kusa da ƙasa, shi ya sa yake jin kamar bai kai haka ba.

Ba zan ɓoye maka ba, ni kaina na sha wannan kunya. Wata Juma'a na tsaya a gefen masallaci da aron wani dogon babur, na sauke ƙafar dama ban lura cewa wurin ya ɗan zurma ba. Ƙafar ta nemi ƙasa ta rasa, babur ya fara tafiya gefe a hankali, ina ji ina gani, na riƙe iya ƙarfina har na gane cewa in ban sake shi ba zai karya ni. Ya kwanta a gaban jama'a, madubi ya fashe, hannun birki ya lanƙwashe, sai da samari biyu suka kama mini muka tashe shi. Ko mita ɗaya ban yi gudu ba. Yawancin faɗuwar masu manyan babura a cikin gari irin wannan ce, kuma kowace ɗaya tana da farashinta a shagon kayan gyara.

Wannan ya kawo mu ga shawarar abokanka. BMW R 1250 GS babur ne na ƙwarai, ba mai musun haka: cc 1,254, ƙarfin doki 136, ba shi da sarƙa sai shaf, wato sandar ƙarfe mai juya tayar baya, yana iya ɗaukar mutum biyu da kaya daga Kaduna zuwa Legas ba tare da ya nuna gajiya ba. Amma nauyinsa kilo 249 ne, nau'in Adventure mai tankin lita 30 kuwa kilo 268, sirdin wannan nau'in kuma daga milimita 890 ne zuwa 910. Mutumin da ya taso daga cc 100 ya faɗa kan wannan kai tsaye ya yi tsallen da ya fi ƙarfin ƙafarsa. Ga kuma batun gyara, wanda shi ne abokai ba sa faɗa lokacin da ake hira a majalisa. Babur ne mai cike da na'urori, wanda in fitila ta kama a allonsa sai an jona masa kwamfuta kafin a san ciwonsa, masu wannan aiki kuma a Legas da Abuja suka fi yawa. Makanikin Boxer na bakin titi, duk iya ƙwarewarsa da kafireto, bai kamata ya kwance shi ba. Idan ya tsaya maka a Pambeguwa da la'asar, sunansa da martabarsa ba za su kai ka gida ba.

To, a tsakanin biyun da ka gani fa? Idan aka tilasta mini in zaɓa maka ɗaya daga cikinsu, lissafin kwanaki zan bi. A wata guda kana da kwana ashirin da wani abu na zirga-zirgar gari, da kwana huɗu na hanyar ƙauye, zuwa da dawowa sau biyu. MT-07 zai faranta maka a kwanakin gari, ya wahalar da kai a na ƙauye. Ténéré zai yi akasin haka. Wahalar MT-07 a hanyar ƙauye kuwa ba ƙarama ba ce. Ban da ramuka, babu abin da ke tare maka iska, da zarar ka haura 110 za ka ji tana tura ƙirjinka tana jan hular kwano, bayan awa biyu wuya da kafaɗu sun gaji, da sanyin hunturu kuwa abin ya fi haka. Tankinsa lita 14 ne. A burji da damina, faffaɗar tayar kwalta takan cika da laka ta koma sumul kamar sabulu. Sannan uwa uba, mazaunin goyo: ɗan ƙaramin fili ne a sama, matakan ƙafa a ɗage, babu wurin riƙo na kirki. Maiɗakinka za ta yi haƙuri sau ɗaya, a karo na biyu za ta ce maka ta fi son motar haya. Shi ma Ténéré ba gwani ba ne a nan, domin sirdinsa siriri ne mai tauri, an yi shi ne don mahayin da zai riƙa miƙewa tsaye a kan matakai idan hanya ta yi gargada, ga shi hawansa ga mace mai zani ko doguwar riga aiki ne.

Saboda haka ra'ayina shi ne kada ka ɗaure kanka da abin da dillali ɗaya yake da shi a shago. Akwai aji na tsakiya wanda ya fi kama da rayuwarka, wato 'yan dogon zango masu tayar gaba inci 19. Biyu nake so ka nema ka gwada. Na farko Honda CB500X, musamman ƙirar 2019 zuwa sama, domin daga wannan shekara ne aka mayar da tayar gabansa inci 19, kafin nan 17 ce. Injinsa cc 471 ne, ƙarfin doki 47, sirdinsa milimita 830 kuma siriri ne ta gaba yadda ƙafa ke saurin kai ƙasa, tankinsa ya ɗan haura lita 17, kuma idan ba a matsa masa ba yana yin fiye da kilomita 25 a lita, wato za ka je ƙauye ka dawo ba ka nemi 'yan bumburutu ba. Tun da aka janye tallafin mai a watan Mayun 2023 wannan lissafi ya daina zama abin wasa. Na biyu Suzuki V-Strom 650, wanda yake amfani da injin cc 645 irin na ɗan kwaltar Suzuki, SV650. Ya fi CB500X ƙarfi da nauyi, kilo 213 ne, tankinsa lita 20, sirdinsa milimita 835 mai faɗi, kuma a wajen ɗaukar goyo da akwatunan gefe, waɗanda ke rataye kamar mangala, ya fi duk waɗanda muka ambata in ban da GS. Idan tafiya da iyali za ta yawaita, V-Strom. Idan kai kaɗai ne galibi, CB500X. Wani zai ce doki 47 ya yi kaɗan. Ga wanda ya saba da Boxer, wannan ya ninka abin da ke hannunsa sau biyar ko fiye, kuma a kan hanyar Saminaka ramuka ne za su ƙayyade maka gudu tun kafin inji ya gaza.

Game da Mambila, kada burin tafiyar da za ka yi sau ɗaya ya zaɓa maka babur ɗin da za ka hau kullum. Hanyar da ke hawa daga Serti zuwa Gembu kwane-kwane ce da hawa mai tsanani, kuma mutanen yankin a kan ƙananan babura suke bin ta da kaya niƙi-niƙi. Duk ɗaya daga cikin biyun nan zai kai ka da rani. Abin da za ka fi buƙata a can shi ne lafiyayyen birki, sabuwar taya, da sanin yadda ake saukowa gangara da giya maimakon danne birki har ya yi zafi.

Kafin ka biya kuɗi, ko wanne ka tsayar, ka hau shi da takalmin da kake zuwa aiki, ka ga ko tafin ƙafa ɗaya zai zauna a ƙasa sosai, sannan ka sa a goya maka mutum ka sake gwadawa. Ka ture shi baya da hannu, injin a kashe, domin haka za ka riƙa fitar da shi daga zaure kowace safiya. Ka duba takardun kwastan ka gwada lambar jikin babur da ta takarda, saboda babur ɗan Kwatano marar takarda abin tashin hankali ne a kowane shinge. Ka tambayi inda za ka samu tayar girmansa da matatar iska da takalmin birki tun kafin ka buƙace su. Ƙurar hunturu tana toshe matatar iska da wuri fiye da yadda littafin kamfani ya tsara, gurɓataccen mai kuma shi ne babban abokin gabar famfon mai da nozul na waɗannan injina. Ka ware wani kaso na kuɗin don hular kwano mai rufe haɓa, da jaket da safar hannu da takalmi mai rufe idon sawu, ka kuma tabbatar lasisinka na aji A ne. Kada ka manta cewa a ƙarshen Satumban 2021 gwamnatin jihar Kaduna ta hana hawan babur na tsawon wata uku saboda matsalar tsaro, wasu jihohin arewa maso yamma ma sun yi dokoki makamantan haka, don haka kafin kowace doguwar tafiya ka binciki dokar da ke aiki a inda za ka ratsa, kuma ka tsara tafiyarka yadda magariba ba za ta same ka a hanya ba.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ina da ɗan kwalta mai taya inci 17, kuma ba ni da halin canza babur yanzu. Idan na sa masa taya mai ƙuraje irin ta daji, zai iya yi mini aikin ɗan dogon zango a hanyoyin karkara? Daga wani mai karatu a Damagaram.

AMSA: Barka kadai Malam. Zai taimaka, amma kaɗan. Akwai tayoyi masu matsakaitan ƙuraje da ake yi a girman inci 17, kuma a kan busasshen burji ko tsakuwa za ka ji babur ya fi natsuwa da su. Abin da taya ba za ta canza ba shi ne gajertar shokozoba da kusancin cikin inji da ƙasa, ga bututun hayaƙi da yake bi ta ƙarƙashi a yawancin 'yan kwalta ba tare da wata kariya ba, dutse ɗaya ya isa ya lotsa shi ko ya fasa matatar baƙin mai. A cikin yashi mai zurfi irin na wajen Tanut kuwa, gajeriyar faffaɗar tayar gaba tana tura yashin ne a gabanta maimakon ta yanka shi, sai kan babur ya riƙa kubce maka. Ka kuma sani cewa abin da ka samu a burji za ka biya shi a kwalta: ƙara za ta ƙaru, tayar za ta fi saurin cinyewa da zafin Afrilu, birki kuma ba zai kama kamar da ba, musamman in an yi ruwa. Idan za ka yi, ka canza gaba da baya tare, iri ɗaya, ka sa a ƙera maka farantin ƙarfe a ƙarƙashin inji, ka rage iska kaɗan idan za ka shiga yashi, sannan ka mayar da ita yadda take a wurin mai faci na farko da ka tarar bayan ka hau kwalta.